RDMA ta ƙi tashi tsakanin Windows 11 da sabar Ubuntu a gida: ina matsalar take?

dan_kurmi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar katunan Mellanox. Ga kayan da ke ƙasa: sabar ajiya mai Ubuntu 22.04, Samba ce ke raba fayiloli, da faifan NVMe biyu a ciki. Ɗaya ɓangaren kwamfutar tace bidiyo ce mai Windows 11 Pro for Workstations. Kowacce da katin ConnectX-3, MCX354A-FCBT, an haɗa su kai tsaye da kebul ɗin DAC na mita 2, babu suwici a tsakani. Layin ya tashi a 40G, ping na tafiya, fayiloli na buɗuwa lafiya lau. Amma kwafin babban fayil ba ya wuce 1.3 GB a daƙiƙa, CPU ɗin sabar kuma na shan wahala. Get-NetAdapterRdma na nuna Enabled True. To in RDMA, wato hanyar da kati ke kai bayanai kai tsaye cikin RAM ɗin ɗaya injin ba tare da wahalar da CPU ba, a kunne take, me ya hana ta aiki? Kuma ta yaya zan tabbatar RDMA ce ke ɗaukar kayan ba TCP ba?

injiniya_zk:
Wa alaikumus salam Malam. Matsalar tana cikin abin da ka lissafa da kanka: Samba. Samba ba ta da SMB Direct, wato hanyar da SMB, yaren raba fayiloli na Windows, ke bi ta hau RDMA. Ko wane irin kati ka saka, muddin smbd ce ke sauraro a ƙofa 445, TCP za ka samu. Get-NetAdapterRdma kuwa abin da take faɗa kawai shi ne katinka ya iya, ba wai ana amfani da shi ba.

Ga yadda abin ke gudana. Windows kullum da TCP take fara gaisawa da sabar a ƙofa 445. Bayan an shiga, sai ta nemi sabar ta lissafo mata katunanta, da saurin kowanne, da ko yana da RDMA. Wannan tambayar aikin SMB Multichannel ce. Idan aka samu kati mai RDMA a ɓangarorin biyu, sai ta buɗe sabon haɗi ta RDMA ta mayar da kayan can. Idan wani abu ya hana, ba ta fito da saƙon kuskure, TCP take ci gaba da bi abinta. Shi ya sa mutum zai yi watanni yana zaton RDMA yake kai.

Gwajin da ba ya ƙarya: ka fara kwafin babban fayil, ka buɗe Task Manager. Idan zanen Ethernet ya tashi sama, TCP ce. Idan fayil na tafiya amma zanen na kwance kusa da sifiri, RDMA ce, domin katin na zuba bayanai cikin RAM kai tsaye ba tare da sun bi ta sashen sadarwa na Windows ba. Sai ka ƙara da netstat -xan, wanda ke nuna haɗin RDMA kaɗai, da kuma ma'aunin RDMA Activity a cikin Performance Monitor.

MalamPing:
Injiniya ya gama magana a kan Samba. Zaɓi uku gare ka a ɓangaren sabar: Windows Server daga 2012 zuwa sama, ko ksmbd, sabar SMB ta cikin kanel ɗin Linux, ko NFS, hanyar raba fayiloli ta Linux, bisa RDMA. Na ukun ba zai amfane ka ba tunda mai karɓa Windows ce, NFS ɗin Windows ba ya hawa RDMA.

Kada kuma ka ce za ka sa wa sabar Windows 11 Pro for Workstations don ka huta. Windows 10 da 11 ɓangaren mai nema kaɗai suke yi a SMB Direct, ba sa zama sabar.

hajiya_sysadmin:
Kafin a taɓa SMB ko kaɗan, a fara tabbatar da katin daga ƙasa. Wanda ya fara daga sama zai yi ta canza abu goma bai san wanne ne ya lalace ba. A Ubuntu ka saka rdma-core, ibverbs-utils, rdmacm-utils da perftest. Sannan:

ibv_devinfo

Abu uku za ka duba: state ya zama PORT_ACTIVE, link_layer ya zama Ethernet, sai active_mtu. Katin FCBT mai fuska biyu ne, yana iya zama InfiniBand ko Ethernet, kuma kowane baki nasa daban ake saita shi. In kana so ya tsaya a Ethernet dindindin, ka saka MFT, kayan saita kati na Mellanox, ka yi mst start, sai

mlxconfig -d /dev/mst/mt4099_pciconf0 set LINK_TYPE_P1=2 LINK_TYPE_P2=2

1 InfiniBand ne, 2 Ethernet. Sai ka kashe injin ka kunna.

Maganar active_mtu: RoCE, wato RDMA a kan Ethernet, girman fakiti biyar kawai ta sani, 256, 512, 1024, 2048 da 4096. Idan MTU ɗin Ethernet na 1500, za ta sauka zuwa 1024. Ka ɗaga zuwa 9000 a Linux, Jumbo Packet 9014 a Windows, za ka ga 4096. Ka gwada da ping -M do -s 8972 daga Linux, ko ping -f -l 8972 daga Windows. In bai wuce ba, ɓangare ɗaya bai karɓi saitin ba.

Hanya mafi tsabta ta raba gardama ita ce ka tayar da kwamfutar Windows ɗin da Ubuntu daga filashi na ɗan lokaci, ka yi ib_write_bw -d mlx4_0 -R --report_gbits a sabar, ka maimaita shi a ɗaya ɓangaren tare da adireshin sabar. Idan wannan ya ba da gudu mai kyau, kati da kebul sun fita daga zargi.

gwanin_linux:
Ga matakan ksmbd, tunda ita ce ba za ta sa ka sake gina sabar ba. Ta shiga kanel a 5.15 a 2021, wato kanel ɗin da 22.04 ta zo da shi, amma an yi mata gyare-gyare masu yawa bayan nan, musamman a ɓangaren RDMA. Ka hau kanel na HWE, 6.8, kafin komai.

Na farko ka duba ko an gina kanel ɗin da SMB Direct:
grep SMBDIRECT /boot/config-$(uname -r)
Kana neman CONFIG_SMB_SERVER_SMBDIRECT=y.

Na biyu ka tsayar da smbd ka hana ta tashi, don su biyun ƙofa 445 suke so, wanda ya riga kamawa shi ke da ita.

Na uku ka saka ksmbd-tools, ka ƙirƙiri mai amfani da ksmbd.adduser -a suna. Kalmomin sirrin Samba ba sa biyo ka, ma'ajiyarsu daban ce. Saitin yana cikin /etc/ksmbd, kuma tsarinsa kusan irin na smb.conf ne.

Bayan ta tashi ka duba dmesg, za ka ga layin smb_direct idan ta fara sauraron RDMA.

tsohon_sabar:
Ni ban yarda a riƙa tura mutane ksmbd ba tare da an faɗa musu haɗarinta ba. Sabar fayil ce da ke zaune a cikin kanel, duk kuskuren da ke cikinta kuskuren kanel ne. A Disamba 2022 an bayyana CVE-2022-47939, wadda aka fara ba wa maki 10 cikin 10, kuma bayanta an samu wasu. Wanda zai yi amfani da ita ya ɗaure ta a kan katin 40G kaɗai:

interfaces = sunan katin
bind interfaces only = yes

Kada ƙofa 445 ta taɓa leƙa intanet, kuma a riƙa sabunta kanel. Samba ta fi ta shekaru da gogewa nesa ba kusa ba.

gwanin_linux:
Gaskiya ne Baba, ban musa ba. Sai dai ka ga kebul ɗaya ne tsakanin inji biyu a ɗaki ɗaya. In ya ɗaure ta a wannan katin kamar yadda ka ce, babu mai isa gare ta sai kwamfutarsa. Kuma tun 6.6 aka cire mata tambarin gwaji.  

maradi_net:
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Katin Intel X540 mai 10G fa? Shi ne ya fi yawa a kasuwar tsofaffin kaya. Zai yi wannan aikin?

MalamPing:
@maradi_net ba zai yi ba. X520, X540, X550 da X710 duk babu RDMA a cikinsu. Haka katunan Aquantia da Realtek da ke zuwa manne da allon kwamfuta. A Intel sai X722 mai iWARP (wani nau'in RDMA daban da RoCE), ko E810 mai iWARP da RoCE v2. Chelsio T520 da T580 iWARP ne. Mellanox daga ConnectX-3 zuwa sama RoCE ne, wasu har da InfiniBand. Ka riƙe wannan: iWARP da RoCE ba sa jin yaren juna, dole ɓangarorin biyu su zama iri ɗaya.

In koyo kawai kake so, Linux na da RoCE ta manhaja a kan kowane kati:
rdma link add rxe0 type rxe netdev eth0
Za ka iya gwada rping da NFS a kai. Amma CPU ce ke yin duk aikin, don haka ba za ka ga ribar gudu ba.

dan_kurmi:
Na gode ƙwarai. Na bi shawarar Hajiya: PORT_ACTIVE, Ethernet, active_mtu ya koma 4096, kuma ib_write_bw tsakanin Linux da Linux ya tafi lafiya. Na koma ksmbd a kanel 6.8, fayiloli na buɗuwa, dmesg na nuna smb_direct. Amma zanen Task Manager na nan yana tashi, netstat -xan babu komai, Get-SmbMultichannelConnection kuma ba ta fito da ko layi ɗaya ba.

injiniya_zk:
Wannan layin da bai fito ba shi ne amsar. Ka tuna na ce Multichannel ce ke gano katin RDMA. A ksmbd a kashe take zuwa. Ka ƙara wannan a ƙarƙashin global:

server multi channel support = yes

Ka sake tayar da ksmbd. A Windows ka cire haɗin da net use * /delete, ka sake shiga, ka fara kwafi, sannan ka duba. Ka kuma tabbatar Get-SmbClientConfiguration na nuna EnableMultiChannel True, don wasu masu koyar da “gyaran gudu” kan sa mutane su kashe ta, kuma kashe ta kashe SMB Direct ne. Get-SmbClientNetworkInterface ma dole ta nuna RDMA Capable True a kan katin. In False ne, ka duba ko an kunna SMB Direct a jerin Windows Features.

Wani abin da ke cin mutane: ka ba katunan biyu rukunin adireshi nasu daban, misali 10.10.10.1 da 10.10.10.2, ba tare da gateway ba, ka kuma shiga sabar da wannan adireshin. Idan ka bar su rukuni ɗaya da Wi-Fi ɗin gida, za ka sha wahalar gane ta ina kaya ke bi.

uban_waya:
A ƙara da nau'in RoCE, don katin nan nasa ba Pro ba ne. ConnectX-3 na asali RoCE v1 kaɗai ya iya, sai ConnectX-3 Pro ne ke da v2. Bambancin: v1 na zaune kai tsaye a kan Ethernet da lambar nau'i 0x8915, ba ta tsallake rauta. v2 na tafiya cikin UDP a ƙofa 4791, tana iya tsallakewa. A kebul ɗaya tsakanin inji biyu, v1 ta wadatar.

A Windows direban ConnectX-3 shi ne WinOF, na ƙarshe 5.50. WinOF-2 na ConnectX-4 zuwa sama ne, ba zai ga katinka ba. Bayan ka saka shi:
Get-MlnxDriverCoreSetting
In RoceMode ba 1 ba ne:
Set-MlnxDriverCoreSetting -RoceMode 1

Inda wannan ya fi cizo shi ne ranar da ka haɗa tsohon kati da sabo. ConnectX-4 da v2 yake fara magana, ConnectX-3 ba ya jin ta, sai SMB ta koma TCP shiru. A Linux ana juya sabon katin ta configfs: ka ƙirƙiri /sys/kernel/config/rdma_cm/mlx5_0, ka rubuta IB/RoCE v1 a cikin ports/1/default_roce_mode.

hajiya_sysadmin:
Gargaɗi ɗaya tun kafin wani ya ba shi shawarar: kada ka saka MLNX_OFED, kunshin direbobin Mellanox na Linux, a sabar nan. Na farko, an cire ConnectX-3 daga cikinta tun 5.1, sai reshen 4.9 ya rage masa. Na biyu, kuma shi ne babba, OFED na musanya ib_core da 'yan'uwansa da nata. ksmbd da cifs da rpcrdma na kanel an gina su ne a kan na asali, sai su ƙi hawa, dmesg ya cika da Unknown symbol da disagrees about version of symbol. Direban mlx4 da ke cikin kanel ya isa wannan aikin. MFT kaɗai ake buƙata daga wajen kamfanin, don mlxconfig da sabunta famwaya.

sarkin_fayil:
Ni tambayata daban ce: wa ya ce gida na buƙatar RDMA? A yi lissafi. 10G kusan 1.25 GB ne a daƙiƙa, 25G kusan 3.1, 40G kuma 5. Faifai mai juyawa na ba da 200 zuwa 250 MB, SSD na SATA 550 MB, NVMe na PCIe 3.0 kusan 3.5 GB. Wanda ajiyarsa faifai huɗu ne masu juyawa ko 10G bai cika ba, RDMA ba za ta ƙara masa komai ba. Samba mai Multichannel da RSS na cika 10G ba tare da gumi ba a kan kowace CPU ta zamani. Duk wannan wahalar ta kanel da direba don me?

injiniya_zk:
A 10G ina tare da kai Malam. Amma mai tambaya NVMe gare shi da layin 40G, kuma ya ce CPU na shan wahala. Nan ne RDMA ke da amfani. Da TCP, kowane fakiti sai kanel ya taɓa shi, a kwafe bayanai daga wannan ma'ajiya zuwa waccan, kuma Samba na ba kowane mai haɗi tsari guda, sai ƙwayar CPU ɗaya ta cika sauran na zaune. Da RDMA katin ne ke ɗaukar bayanai daga RAM ɗin wannan ya ajiye a RAM ɗin wancan. Mai tace bidiyo riba biyu yake samu: CPU ɗinsa ta koma kan aikin tacewa, kuma jinkirin kowace buƙata ya ragu, wanda shi ake ji idan ana ja da baya da gaba a cikin bidiyo.

Inda ba ta taimako sosai shi ne dubban ƙananan fayiloli. A can lokacin na tafiya ne wajen buɗewa da rufewa da duba izini, ba wajen ɗaukar kaya ba.

sarkin_fayil:
To na yarda da wannan iyakar. Amma a faɗa wa masu karatu a fili: faifai tukuna, kati daga baya.

zinder_dev:
Ga wanda injinansa duka Linux ne, NFS ta fi sauƙi nesa. A sabar, cikin /etc/nfs.conf ƙarƙashin nfsd:
rdma=y
rdma-port=20049
Ka sake tayar da nfs-server, ka duba /proc/fs/nfsd/portlist, za ka ga rdma 20049. A mai karɓa:
mount -t nfs -o proto=rdma,port=20049,vers=4.2 10.10.10.1:/ajiya /mnt/ajiya
nfsstat -m zai nuna proto=rdma. Abin da ya fi daɗi, in RDMA ba ta samu ba umarnin faɗuwa yake da kuskure, ba ya komawa TCP a ɓoye irin na Windows.

Linux na iya shiga ksmbd ko Windows Server ta SMB Direct ma, da mount -t cifs -o rdma,vers=3.1.1, in an gina kanel da CONFIG_CIFS_SMB_DIRECT.

Sai a kula da async a /etc/exports. Tana sa rubutu ya yi gudu domin sabar na cewa ta ajiye alhali kayan na RAM. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama kamar wajenmu, wannan asarar aiki ce kai tsaye. Ko dai sync, ko UPS da aka haɗa da sabar ta USB don ta kashe kanta da kyau kafin batir ya ƙare.

maradi_net:
TrueNAS fa, manhajar sabar ajiya? Ita da yawa ke sakawa.

zinder_dev:
SMB ɗinta Samba ce, don haka hukuncin da Injiniya ya faɗa a farko ya hau kanta. NFS bisa RDMA ta zo a 25.04, amma ga masu lasisin Enterprise.

dan_kurmi:
Alhamdu lillahi, ta tashi. Layin multi channel ne ya rage, RoceMode dama 1 yake. Yanzu netstat -xan na nuna haɗi zuwa 10.10.10.1:445, zanen Task Manager a kwance, CPU ɗin sabar ta sauka. Saura abu biyu. Gudun bai kai abin da ib_write_bw ya nuna ba ko kusa, kuma idan fayil ya yi girma sosai yana farawa da ƙarfi sai ya faɗo a tsakiya.

uban_waya:
Masha Allah. Faɗowa a tsakiya yawanci faifai ne, ba layi ba. NVMe na kasuwa na da wani yanki mai sauri da yake fara zuba rubutu a ciki, in ya cika sai gudun ya koma na ainihin ƙwayoyin, a masu QLC ma har ƙasa da na SATA. Ka gwada faifan shi kaɗai da fio a sabar, da fayil da ya fi RAM girma, don kada ma'ajiyar kanel ko ARC na ZFS su ruɗe ka.

Na biyu ramin PCIe. Katin x8 ne na PCIe 3.0, kusan 7.9 GB a daƙiƙa. A allunan gida, rami na biyu mai tsawon x16 sau da yawa hanyoyi 4 kawai aka ja masa, kusan 3.9 GB, wato ƙasa da 40G. Kuma in ta chipset ya bi, yana raba hanya ɗaya da NVMe ɗin da yake ƙoƙarin cikawa. A Linux lspci -vv ka duba LnkSta, kana son 8GT/s da x8. A Windows Get-NetAdapterHardwareInfo.

Na uku, Explorer ba ma'auni ba ne. Ka gwada robocopy da /J don babban fayil, ko /MT:16 don fayiloli da yawa, ko diskspd.

hajiya_sysadmin:
A ƙara zafi a jerin. Katunan nan don sabar aka ƙera su, inda fankoki ke hura iska daga gaba zuwa baya ba tsayawa. Ƙarfen sanyaya kawai gare su, babu fanka. A akwatin kwamfutar gida iska ba ta bi ta wajen, balle a watan Afrilu da ɗaki ke haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Yamai. Ka duba da mget_temp -d /dev/mst/mt4099_pciconf0 ana tsakiyar kwafi. Ƙaramar fanka ta milimita 40 da aka ɗaure a kan ƙarfen tana sauke shi sosai. NVMe ma na rage gudu da kansa in ya yi zafi, smartctl -a zai nuna maka. Bayan hunturu kuma a buɗe a hure ƙura, don tana toshe tsakanin haƙoran ƙarfen.

tsohon_sabar:
Babu wanda ya ambaci sa hannu, wato hatimin da SMB ke sa wa kowane saƙo don a tabbatar ba a canza shi a hanya ba. Wace Windows 11 ce? Daga 24H2 ana tilasta sa hannun SMB tun daga saitin asali. A ƙa'idar SMB 3, idan ana sa hannu ko ana rufe bayanai, mai nema ba ya ba sabar damar zuba kaya kai tsaye cikin RAM ɗinsa, sai dai in ɓangarorin biyu sun iya sabon tsarin da ya zo da Windows Server 2022 da Windows 11. Haɗin zai nuna RDMA a netstat, amma kayan na bi ta ƙananan saƙonni, gudu ya ragu. cifs na Linux ma haka yake yi. Ka duba Get-SmbClientConfiguration, layin RequireSecuritySignature.

Ana kashe shi da Set-SmbClientConfiguration -RequireSecuritySignature $false, amma a sani saitin na kwamfutar gaba ɗaya ne, ba na wannan kebul ɗin kaɗai ba. In injin na shiga wasu sabobin ta Wi-Fi ko a wurin aiki, ka cire masa kariya a can ma. Ka gwada da shi da babu shi, in bambancin bai taka kara ya karya ba ka mayar.

dan_kurmi:
24H2 ce, kuma True yake nunawa. Katin Windows ɗin ma x4 ya nuna, zan mayar da shi ramin sama in ga yadda katin hoto zai yi da x8. Tambaya ta gaba: in za a ƙara kwamfuta ta uku, dole sai suwici mai PFC, wato tsarin dakatar da mai turawa kafin fakiti ya faɗi?

MalamPing:
Ba dole ba. Katinka baki biyu gare shi. Ka ja kebul na biyu daga bakin sabar na biyu zuwa inji na uku, ka ba shi rukunin adireshi daban, 10.10.20.x. Babu suwici, babu cunkoso, babu PFC. DAC na kai wa mita 5, in ya fi haka sai AOC ko fiba. In na ukun Mac ne, ka sani macOS ba ta da SMB Direct, TCP zai bi.

injiniya_zk:
In har suwici ya shigo, ni ina ganin PFC wajibi ce ga ConnectX-3. RoCE an gina ta ne a kan zaton fakiti ba ya ɓata. In ɗaya ya faɗi, katin na komawa ya sake turo duk abin da ya biyo bayansa, don haka asara kaɗan na rusa gudu. Fakiti kuwa na faɗuwa ne idan biyu na tura wa ɗaya, ko 40G na tura wa 10G, ma'ajiyar suwici ta cika. A Windows:
New-NetQosPolicy SMB -NetDirectPortMatchCondition 445 -PriorityValue8021Action 3
Enable-NetQosFlowControl -Priority 3
Enable-NetAdapterQos
Sai a kunna PFC a mataki na 3 a Linux da kowane bakin suwici. Kuma lambar matakin a cikin alamar VLAN take zaune, in babu VLAN babu inda za a rubuta ta. Wannan ne kuskuren da aka fi yi.

gwanin_linux:
A inji uku a gida, pause na gama-gari, ethtool -A rx on tx on tare da flow control a suwici, yakan wadatar. Illarsa ita ce yana tsayar da duk zirga-zirgar bakin, ba RDMA kaɗai ba, amma a layin da ajiya kawai ke bi wa zai dame? PFC da aka saita rabi da rabi ta fi rashinta sharri. Wanda kuma bai sayi kati ba tukuna, ConnectX-4 Lx, MCX4121A-ACAT mai 25G, ya fi kwanciyar hankali: direban mlx5 da WinOF-2, RoCE v2, da ECN mai rage gudu kafin ma'ajiya ta cika. Sai dai a 25G a daidaita FEC, tsarin gyaran kuskuren layi, a ɓangarorin biyu, in ba haka ba layin ba zai tashi ba. ethtool --show-fec zai nuna.

tsohon_sabar:
Ko a bar Ethernet ɗin gaba ɗaya. FCBT na yin InfiniBand FDR a 56G in kebul ɗin na FDR ne, kuma InfiniBand ba ta zubar da fakiti tun asali, mai turawa ba ya turawa sai mai karɓa ya ba shi izini. Babu PFC, babu VLAN. Abin da take buƙata shi ne opensm, mai kula da layi, a inji ɗaya, in babu shi baki zai tsaya a Initializing har abada, sai IPoIB, wato IP a kan InfiniBand, don a samu adireshi. Suwicin SX6036 na da nasa mai kula da layi a ciki, SX6025 ba shi da shi. Sai dai ƙarar fankokinsu ba ta zama ɗaki ɗaya da mutum ba ce, kuma a lissafa abin da za su ja a inbata dare da rana.

uban_waya:
InfiniBand na da nata tarko Baba: ba a saka IPoIB cikin gadar Linux, don haka mai Proxmox da ke son VM su hau layin zai sha wuya. Ko a Ethernet ma katin virtio ba shi da RDMA, sai an miƙa wa VM katin gaba ɗaya ko an yanka shi da SR-IOV. @dan_kurmi in ka mayar da katin ramin sama, ka turo abin da Get-NetAdapterHardwareInfo ya nuna da sakamakon fio na faifan shi kaɗai, kafin ka taɓa saitin sa hannu. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kana aunawa, in ba haka ba ba za mu san wanne ne ya riƙe gudun ba.